Jar Akuya, Malamar Yaran Illela

Ranar Lahadi, tun kafin rana ta take, karar Illela ta cika maƙil da shanu, raƙuma, tumaki da awaki, wasu daga ƙauyukan Gada da Gwadabawa, wasu sun tsallako daga Ƙonni ta Nijar. Dillalai na ta ciniki, wani yaro kuwa yana riƙe da gefen rigar babansa, idonsa na kan wata 'yar akuya ja wur mai sheƙi. Ita aka zo saya masa.

A gidaje da yawa nan kiwo yake farawa. Kaka ko gwaggo ta nuna 'yar akuya a turke ta ce, "Ga taka nan, ɗan nan, sai ka kula da ita." Daga ranar aiki ya hau kansa: ruwa da safe, dusa da 'yar kanwa, harawa da rani, tsintar 'ya'yan gawo in an fita bayan gari. Da damina ana ɗaure awaki don kada su yi ɓarna a gonaki, shi ke yanko ciyawa. In an kawar da amfanin gona aka kwance su, ya ga tsalle da guje-guje, ba ya bukatar a fassara masa "akuyar ɗaure ta samu saki".

A kara uba kan buɗe bakin akuya ya ce wa ɗansa ya leƙa. Babu haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Da na ƙasa ake gane shekarunta, don bayan ta shekara ne manya biyu na farko ke maye gurbin na nono. Da dare yara su zauna kallonta tana tuƙa, a gaya musu cikinta kashi huɗu ne. Ƙwayar idonta ma a kwance take, shi ya sa take hango gefe da gefe kanta na sunkuye.

Wata biyar take ɗauke da ciki, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta. Nan yaro ke koyon lissafi: ɗaya ta zama uku, a sayar da bunsuru a yi ɗinkin Sallah. Hausawa sun ce akuya ko ba ta haihuwa ta fi kare, balle mai tagwaye.

Darajarta ta wuce turke. Majema na jeme fatarta da bagaruwa, dukawa su rina. Ƙarnuka da dama ayarin raƙuma na ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saya daga Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A Nijar ana kiran wannan akuya jar akuyar Maraɗi, har an kafa mata cibiyar kiwo a garin a 1963.

Wayonta kuwa sai a bakin tsofaffi. "Akuya ta yi wayo da yankakken kunne," in ji uwa ga ɗan da ya sha wuya ya hankalta. In aka ga ƙarami a mazaunin manya, sai a ce wanda ya ga akuya a makwancin zaki ya ji tsoronta. Bayan isha'i kaka ta kawo labarin jaki da kare da akuya da suka shiga mota: jaki ya biya cif, kare ya biya ba a ba shi canji ba, akuya ta dira ba ta biya ko kwabo ba.

Washegari yara su tsaya bakin titin Sakkwato suna jiran babbar mota. Tana tahowa jaki ya ƙi gusawa, kare ya bi ta da haushi, jar akuya ta ɗage wutsiya ta faɗa lungu, su kuma su ruga gida da ihu su shaida wa kaka.