Metal Gear Solid 2: An Yi Tallan Snake, An Sayar Da Raiden

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kawo kaya suka karɓu ya san wahalar da ke cikin sari na biyu. Mai saye ya riga ya ɗanɗana, ya san abin da yake so, kuma idan ya dawo da kuɗinsa irin na jiya yake nema, har da gyara a kai. Wannan ita ce matsalar da kamfanin Konami na ƙasar Japan ya samu kansa a ciki bayan wasan bidiyonsa na leƙen asiri mai suna Metal Gear Solid, wanda ya fito a 1998 a kan na'urar PlayStation ta farko, ya sayar da faifai fiye da miliyan 6 a duniya. Da kashi na biyu ya fito a watan Nuwamba na 2001 a Amurka da Japan, sannan a watan Maris na 2002 a Turai, masu sharhi sun yaba masa ƙwarai da gaske, amma dubban masu saye sun ji kamar an yi musu sakiyar da ba ruwa.

Wannan magana ta shafi masu shagunan kayan wuta da masu gidajen gem a kasuwanninmu, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, domin wasan bai mutu ba. Har yanzu tsofaffin na'urorin PlayStation 2 na gwanjo suna yawo a hannun jama'a, kuma a watan Oktoba na 2023 Konami ya sake fito da wasan a cikin wani ƙunshi mai suna Master Collection domin sababbin na'urori da kwamfuta. Don haka yana da kyau mai sayarwa ya san abin da ke cikin kwalin da yake miƙa wa mutane.

Yadda aka ja hankalin masu saye

Mutumin da ya ƙirƙiro wannan jerin wasanni shi ne Hideo Kojima, wanda ya fara shi tun 1987. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin harbe-harbe shi ne, ba a son abokan gaba su gan ka. Jarumin, wato Solid Snake, yakan shiga sansanin maƙiya shi kaɗai, ya laɓe a bayan bango, ya ja ciki ta ƙarƙashin mota, har ma ya kifa kwali a kansa ya yi shiru sai mai gadi ya wuce. A kashi na farko an tura shi wani tsibiri a Alaska domin ya hana ƴan ta'adda amfani da wata tankar yaƙi mai tafiya da ƙafa, mai harba makamin nukiliya. Jama'a sun so Snake matuƙa, da kakkausar muryarsa da ƙyallen da yake ɗaurawa a goshi.

A bikin baje kolin wasannin bidiyo na E3 da aka yi a Los Anjeles a shekarar 2000, Konami ya nuna hoton tallan kashi na biyu, inda aka ga Snake a cikin wani jirgin ruwan dakon mai, ruwan sama na zuba kamar da bakin ƙwarya. A lokacin PlayStation 2 sabuwa ce fil, kuma ba a taɓa ganin hoto mai kyan wannan a na'urar gida ba. A 2001 kamfanin ya sa faifan ɗanɗano a cikin kwalin wani wasansa mai suna Zone of the Enders, kuma mutane da yawa saboda ɗanɗanon kaɗai suka sayi wancan wasa. A cikin duk wannan talla babu inda aka nuna cewa akwai wani jarumi daban. Hasali ma, akwai fagagen faɗa da aka nuna Snake a cikinsu a talla, alhali a ainihin wasan wani ne yake yin su.

To, da mutane suka sa faifan, sai suka tarar wasan kashi biyu ne. A ɓangaren farko, wanda labarinsa ya faru a 2007, Snake ya diro daga gadar George Washington ta birnin Niyok zuwa cikin jirgin, domin ya ɗauki hoton sabon makami mai suna Metal Gear RAY. Cikin sa'a ɗaya ko biyu an gama wannan ɓangare, an sace makamin, an nutsar da jirgin. Daga nan labari ya tsallaka zuwa 2009, inda ƴan ta'adda suka ƙwace wata tashar tsabtace teku mai suna Big Shell, suka yi garkuwa da shugaban Amurka, suka nemi dala biliyan 30. Wakilin da aka tura ya cire abin rufe fuskarsa, sai ga wani saurayi mai farin gashi, wai shi Raiden. Da shi za a ƙarasa wasan har ƙarshe. Shi kuwa Snake, sai dai ka riƙa ganin sa jefi-jefi yana taimakon ka da sunan aro.

Inda wasan ya yi fice

Gaskiya ɗaya ce, a fagen wasa kansa kashi na biyu ya yi wa na farko fintinkau. An ƙara damar auna bindiga ta idon jarumi, ta yadda za ka iya harbin daidai inda kake so: ƙafar soja, ko oba-obar da ke jikinsa don kada ya kira taimako, ko tukunyar kashe gobara don hayaƙinta ya makantar da shi. An ba ka bindiga mai harba allurar barci, don haka mai haƙuri zai iya ratsa kusan dukkan wasan ba tare da ya kashe kowa ba. Kana iya lilo a jikin dogarin bene har mai gadi ya wuce, ko ka ɓuya a cikin kabad ɗin ƙarfe, ko ka lallaɓo ta bayan soja ka sa shi ɗaga hannu, ka karɓe ɗan allon sunansa da ke rataye a wuya.

Su ma masu gadin an ƙara musu wayo. A da, idan ka kayar da soja gawarsa ɓacewa take yi, magana ta ƙare. A nan kuwa dole ka ja shi ka ɓoye, domin idan abokinsa ya gan shi asiri ya tonu. Wasu daga cikinsu sukan yi rahoto ta oba-oba lokaci zuwa lokaci, kuma idan aka ji shiru sai a turo masu dubawa. Idan aka gan ka, wata runduna ce ta musamman za ta shigo, wani lokaci da garkuwa, ta bi ɗaki-ɗaki tana bincike. Inuwarka tana iya tona ka, haka sawun ƙafarka idan ka fito daga cikin ruwan sama, haka atishawa idan mura ta kama ka. Hatta ƙanƙarar da ke cikin bokiti a mashayar jirgin, idan ka harbe ta ta zube, za ka ga tana narkewa a hankali. Irin wannan kula da ƙananan abubuwa ita ce ta sa har yau ɓangaren jirgin ruwan yake cikin abubuwan da ake misali da su. An kuma ɗauko mai shirya kiɗan finafinan Amurka, Harry Gregson-Williams, ya yi wa wasan kiɗa, abin da ya sa kallon sa ya zama tamkar kallon babban fim.

Inda ya gaza

Matsala ta farko ita ce Raiden kansa. Kojima ya bayyana cewa yana so ne mai wasa ya kalli Snake daga waje, ya ga girmansa ta idon sabon shiga. Hujja ce mai ma'ana, sai dai wanda ya biya kuɗinsa ba a shawarce shi ba. Raiden yaro ne mai yawan tambaya da ƙorafi, ga shi kuma budurwarsa Rose ita ce ke ajiye maka wasa, ta yadda sau da yawa idan ka kira ta don ajiya sai ka saurari rigimar soyayyarsu, alhali bama-bamai na jiran a kwance su.

Ta biyu ita ce yawan surutu. Akwai wuraren da za ka ajiye hannun wasan ka zauna minti goma ko fiye kana kallon fuskoki biyu suna hira ta rediyo, kuma abin yana ƙaruwa ne yayin da ake dosar ƙarshe. Ga masu jin Faransanci akwai ƙarin takaici, domin kashi na farko an yi masa muryoyin Faransanci a fitowar Turai, amma na biyu da Turancin Ingilishi kawai ake magana, sai fassara a rubuce a ƙasan allo. Wanda karatunsa ba shi da sauri, rabin labarin zai wuce shi.

Ta uku ita ce wurin da aka yi wasan. Big Shell ɗakuna ne masu kama da juna, masu launin ruwan goro, da gadoji a tsakaninsu, kuma ana sa ka kai da komowa a cikinsu, musamman a lokacin neman bama-bamai. Rabin tashar na biyu ma kaɗan ne daga cikinsa ake shiga. Bugu da ƙari, akwai abubuwan da hankali ba ya ɗauka ko a wasa, kamar mugun da aka dasa masa hannun wani mamaci, wai ruhun mamacin yana magana ta bakinsa, da mai dasa bam da ke yawo a kan takalmi mai taya. Sannan harin 11 ga Satumba na 2001 ya faru ana dab da fitar da wasan, sai aka yanke wurin da wani ƙaton jirgin yaƙi ya kutsa cikin unguwar Manhattan yana rushe gine-gine. Yankewar ta bar giɓi, domin kwatsam mai wasa zai ga kansa a kan rufin wani gini a tsakiyar gari ba tare da ya ga yadda aka iso ba.

Akwai kuma batun da ya taɓa yankinmu na Afirka ta Yamma. Can wajen ƙarshe aka bayyana cewa Raiden yana ƙarami an sa shi aikin soja a yaƙin basasar Laberiya, wato yaƙin da ya ɓarke a 1989 har ƙungiyar CEDEAO ta tura dakarun ECOMOG a 1990, kuma wanda ya raine shi a fagen yaƙin shi ne babban abokin gabarsa a wasan, Solidus Snake. Wannan shi ne abu mafi nauyi a tarihin yaron, amma an kawo shi a makare, a cikin hira, bayan mai wasa ya riga ya gaji da shi. Da tun farko aka fito da shi, da wataƙila an tausaya wa Raiden maimakon a tsane shi.

Abin da lokaci ya nuna

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɓangaren da aka fi zagi a 2001 shi ne ake yabo a yau. A ƙarshen wasan Raiden ya gano cewa kanar ɗin da yake ba shi umarni tun farko ba mutum ba ne, kwamfuta ce mai kwaikwayon mutum, mallakar wata ƙungiyar asiri da ke juya Amurka. Manufarta ita ce ta tace labaran da ke yawo a intanet, bisa hujjar cewa ƙarya da jita-jita da tarkace za su yi yawa har su binne gaskiya, kowa ya shige cikin ƴan uwansa masu ra'ayi ɗaya ya riƙa jin abin da yake so kawai. An rubuta wannan ne kafin a kafa Facebook a 2004, balle WhatsApp da ya zo a 2009. Duk wanda ya taɓa ganin yadda saƙon murya guda ɗaya a kan rufe iyaka ko canjin naira da sefa yake hargitsa kasuwa kafin azahar, zai gane abin da ake nufi.

A nan ne ma'anar yaudarar ta fito. Yadda aka ruɗi Raiden a cikin labari, haka aka ruɗi mai saye a waje, da gangan, don ya ji a jikinsa yadda ake juya mutum da abin da aka zaɓa aka nuna masa. Dabara ce ta gwani, kuma wasan ya sayar da kusan faifai miliyan 7 idan aka haɗa da fitowarsa ta biyu. Amma kamfanin ya ji kukan jama'a. A ƙarshen 2002 ya fito da wani gyararren bugu mai suna Substance, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ayyukan horo da gajerun labarai biyar da ake yi da Snake. A kashi na uku da ya fito a 2004 an koma ga jarumi mai kama da Snake sak, har aka sa wani hafsa mai kama da Raiden don a yi masa ba'a. Sai a 2008, a kashi na huɗu, aka dawo da Raiden a matsayin gwarzon takobi, a 2013 kuma ya samu nasa wasan.

Ga masu saye da sayarwa

Mai gidan gem da ke karɓar kuɗi bisa lokaci ya sani cewa wannan wasa na mutum ɗaya ne, kuma yaro ba zai yarda ya biya kuɗi ya zauna yana kallon hira ba. Wasan ƙwallo ya fi shi kawo ciniki nesa ba kusa ba. Wasa ne na gida, na mai haƙuri, mai katin ajiya. Mai saro tsofaffin faifai ya lura cewa faifan Amurka ba ya aiki a PlayStation 2 ta Turai idan ba a taɓa na'urar ba, kuma idan da zaɓi, bugun Substance ya fi na farko cika. Iyaye su ma su san cewa a Amurka an ware wasan ne ga ƴan shekara 17 zuwa sama, saboda jini da tashin hankalin da ke ciki.

Abu na ƙarshe, idan saurayi ya zo shagonka ya nuna hoton Snake a bangon kwali, ka gaya masa gaskiya cewa sa'a ɗaya ko biyu zai yi da shi, sauran na Raiden ne. Konami babban kamfani ne mai suna a duniya, ya ɓoye wa masu sayensa abin da ke cikin kaya kuma ya sha, bayan ya shafe shekaru yana lallashi. Mai shago a kasuwar kan iyaka ba shi da wannan gata, domin wanda ka sayar wa yau, shi ne zai wuce ta gaban rumfarka ranar kasuwa mai zuwa.