Ƙaurin Mai Jego, Hayaƙin Taya da Nonon Uwa

A cikin birnin Kano, idan mace ta haihu, akan sayo mata ƙauri a dafa da yaji, a haɗa mata da kunun kanwa don ta murmure, nono ya kawo. Al'ada ce mai kyau. Sai dai ba kasafai ake tambayar da me aka babbake ƙafar san ba. Tun da itace ya yi tsada, wasu masu babbaka tsohuwar taya suke cinna wa wuta. Hayaƙin nan, da na roba da leda da ake ƙonawa a juji a bakin rafin Jakara da lungunanmu, yana ɗauke da guba iri-iri, har da wadda masana ke kira dayoksin.

Abin da ya sa wannan guba ta fita daban shi ne naci. Ruwa ba ya narkar da ita, fitsari ba ya fitar da ita, kitse take bi ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya bar jiki, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wadda ke shiga ɗan Adam ta abinci take bi, musamman nama da kifi da madara. Haka 'yan uwanta suke: DDT na feshin sauro, gamalin da wasu masunta suka riƙa zubawa a ruwa don kashe kifi, da PCB na man tsofaffin taransifoma. Yarinyar da ta tashi a Yakasai ko Mandawari tana tara su kaɗan-kaɗan tun ƙuruciya. Ranar da ta fara shayarwa, jikinta zai narka kitsensa ya yi nono, abin da ya kwanta shekara ashirin sai ya biyo. Shi ya sa ɗan fari ya fi ƙannensa samun kaso mai yawa, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa da garkuwar jikinsa ke ginuwa.

Dalma kuwa a ƙashi take ɓuya, ta fito lokacin ciki da shayarwa. Ba mu manta da yara sama da 400 da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Ga kuma kwallin da muke rambaɗa wa jarirai: a 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun auna wani da aka kai daga Najeriya, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta yaye ɗanta. Masanan da suka gano gubar su ne dai ke cewa amfanin nono ya rinjayi haɗarinta nesa ba kusa ba: nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2, kamar yadda addini ma ya kwaɗaitar. A unguwar da ruwan 'yan garuwa ake sha, madarar gwangwani na iya jawo gudawar da za ta ɗauke jariri cikin kwanaki. Laifin ba na uwa ba ne, na abin da muke ƙonawa ne da abin da muke fesawa.

Kuma abin yana gyaruwa. A Suwidin, inda ake auna nonon mata tun 1972, DDT da PCB sun ragu ƙwarai bayan an hana su. An ƙulla Yarjejeniyar Stockholm kan irin waɗannan gubobi a 2001, Najeriya ta amince da ita a 2004, NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari da dama a 2008. Doka tana nan, aiki da ita ne ya rage.

Kano na da Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, ga masu jego cike da Asibitin Murtala kullum. Ya kamata a riƙa auna nono a kai a kai, bisa yardar iyaye mata, a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa. Gwamnati ta sama wa masu babbaka gas mai rahusa kafin ta hana su taya, a kwashe shara kafin a kai ga ƙona ta. Maigidan da zai sayo ƙauri kuma ya tsaya ya ga wutar da aka babbake shi da ita.