Ɗigon jinin da ake ɗiba a yatsa: me ake nema a cikinsa?

Iyaye da yawa suna tambayarmu dalilin da ya sa ake huda yatsan yaro kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda a nan ake cewa palu. Wasu ma na tsoron ana binciken wata cuta a ɓoye. Wannan ɗan farin allon, da ma'aikatan lafiya a Dapaong, Sokodé da Kambolé ke kira TDR, palu kaɗai yake nema.

Ƙwayar cutar tana shiga jini ta cizon sauro, ido ba ya ganinta. Amma tana rayuwa tana zubar da wani sinadari nata, irin wanda masana ke kira furotin. Jikinmu ma cike yake da furotin iri-iri, sai dai wannan na ƙwayar cutar ne, mutum ba ya yin sa. Sunansa HRP2. Masu bincike sun gano shi tun shekarun 1980, suka ga zai iya zama shaida, kamar sawun akuya a gona. An shafa wa allon abin da ke cafke shi. Cikin minti 15 zuwa 20, layi biyu na nufin an same shi, layi ɗaya na nufin babu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Ga inda muke roƙon ku kula. Sawu yakan daɗe bayan akuya ta wuce. HRP2 na iya zama cikin jini makonni bayan yaro ya sha magani ya warke. Don haka idan ya sha maganin palu cikin watan da ya shige, ko na kasuwa ne, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya. Ba za a yi muku faɗa ba. In kun ɓoye, ana iya sake ba shi maganin palu alhali ciwon haƙarƙari ko wata cuta ke cin sa.

Layi ɗaya kuma ba ya nufin yaro lafiya lau yake. Idan zafin jiki bai sauka ba bayan kwana biyu, ku dawo. In ya kasa shan nono, ko yana amai, ko jijjiga, kada ku jira gari ya waye. A Peru da Iritiriya an samu ƙwayoyin palu da ba sa fitar da HRP2, har Iritiriya ta canza irin gwajinta a 2016. Shi ya sa wani lokaci ake sake duba jini da madubin likita.

Irin wannan bincike da jinin mutane ake yin sa, amma sai da yardarsu. Duk wanda ya nemi jininku don bincike, ku tambaye shi me za a yi da shi, a harshen da kuke ji. Kuna da ikon ƙi, kuma ƙin ba ya taɓa rajistarku ko tallafinku. In an matsa muku, ku zo ofishin kariya.