Hasashen Ciniki Ba Alkawari Ba Ne

Na gaji da jin maganar nan a majalisa: "Ya ce zai sayar da kaza, bai sayar ba, ya cinye mana kuɗi." Kwanakin baya ƙanen wani abokina, mai ɗan kamfanin yogot a Kano, ya sha wannan tuhuma. Ya tara jari wajen dangi, ya rubuta musu abin da yake sa ran sayarwa a shekara. Shekara ta zagayo, ciniki ya gaza. Tun kafin a buɗe littafi ko ɗaya, har an kai ƙararsa gaban mahaifinsa.

Hasashe kintace ne, an gina shi kan farashin yau da aljihun mai saye na yau. To, wa ya riƙe yau ɗin? Duk wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023 ya ga canji: ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Madarar gari ta yi tsada, uwar da ke saya wa yara yogot ta koma lissafin kwanon masara. Babban kamfani yana da kitsen da zai jure. Ƙarami kuwa, dila ɗaya ya janye, shi ke nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutanen da ke zagin yaron nan su ne ke rububin zuba kuɗi inda aka ce riba ba ta fashi. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ruguje a Afrilun 2025. Madoff na Amurka ya yi shekara da shekaru yana nuna riba ba tangarɗa, har aka kama shi a 2008. Wanda bai taɓa kuskure ba, shi ya kamata a ji tsoro. Ko a fiƙihu, ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, ba ya inganta da sharaɗin lamunce jari. Asara ta mai dukiya ce sai in an samu sakaci ko ha'inci.

Ba na cewa kowane mai kamfani waliyyi ne. Akwai masu kumbura lissafi don su jawo jari.

Don haka, kai mai jari, maimakon ihu, ka zauna da mai kamfanin. Nemi littafin ciniki na wata-wata, ka haɗa shi da takardar banki. Shiga sito da ƙafarka: kayan sun taru ne ba masu saye, ko an fitar da su bashi? Bashin wa da wa, tun yaushe? Tambayi ko tsofaffin kwastomomi na dawowa. Lura da lokacin da ya faɗa maka ciniki ya gaza: shi ya kira ka tun wata na uku, ko sai da ka yi ta bin sawu? In uzurin bara daban, na bana daban, kuma littafi kullum "yana wajen akanta", nan ne za ka tsaya da kyau.

Kai kuma mai kamfani, ka daina rubuta adadin da kai kanka ba ka yarda da shi ba, kuma in ciniki ya karye, ka riga jita-jita isa wajen masu jarinka.