Kalmar Sirri a Wurin Aiki: Makullin Da Ba A Bayar Da Aronsa

Duk wanda ke aikin biro a wannan zamani ya san irin wannan safiya. Mutum ya dawo daga hutu, ya zauna gaban kwamfuta, ya buga kalmar sirrinsa, ta ƙi karɓa. Ya sake, ya kuma sake, har ƙofa ta rufe, ga jama'a a jere suna jiransa. Idan ma'aikacin sashen kwamfuta ya buɗe masa, sai a ce ya zaɓi sabuwa: a sa babban baƙi da ƙarami, a sa lamba, a sa alama, kada ta yi kama da ta baya. Bayan kwana 90 kuma a sake sabon lale.

Mu da muka sha wannan wahala mun daɗe muna ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarmu. Ashe waɗanda suka kafa dokar su ma sun dawo daga rakiyarta. A shekarar 2003 ne wani ma'aikacin NIST, hukumar Amurka mai tsara ma'aunai, mai suna Bill Burr, ya rubuta jagorar da ofisoshin duniya suka yi ta kwaikwayo. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. Dalilin a fili yake: ɗan Adam idan aka matsa masa, hanya mafi sauƙi yake bi. Mai "Damana1!" a yau, shi ne mai "Damana2!" bayan wata uku. Masu bincike a jami'ar North Carolina sun gwada wannan a 2010, suka tarar cewa idan suna riƙe da tsohuwar kalmar mutum, suna iya gano sabuwar cikin ƴan daƙiƙoƙi a kashi 41 cikin ɗari na asusun da suka duba. A 2017 NIST ta janye shawarar canji na lokaci-lokaci, sai in akwai alamar an sace kalmar. Microsoft ya bi sahu a 2019, haka ma hukumomin Faransa, ANSSI a 2021 da CNIL a 2022, ga asusun ma'aikaci na yau da kullum. Abin da suka fi ba muhimmanci yanzu shi ne tsawo.

Sai dai ba kowane ofis ne labarin ya isa ba, mu kuma ba tawaye muke kira a yi ba. Wanda ya sa hannu a kan dokar ma'aikata ya bi ta, ya kai shawararsa ga shugabanni cikin ladabi. Kafin a gyara, ga abin da muka ga yana rage wahala. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar tulu da jirgi da kanwa da Laraba, sannan a ƙara lamba da alamar da doka ta nema. Hoton jirgi ɗauke da tulun kanwa ya fi zama a zuciya a kan tarkacen alamomi. Kada a ɗauki karin magana ko addu'ar da kowa ya sani, balle sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, balle "azerty". Lokacin da aka fasa rumbun kamfanin RockYou a 2009, aka watsa kalmomin sirri miliyan 32, wadda ta fi yawa ita ce 123456, kuma har yau ɓarayi da wannan jeri suke fara gwaji. Wani abu kuma da ya shafe mu: baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba a kowane allon bugu ake samunsu ba, sannan allon Faransanci da na Ingilishi sun saɓa a wuraren A da Q, Z da W, da M. Wanda yatsunsa kawai suka haddace kalmar zai sha mamaki ranar da aiki ya kai shi Kano ko Kumasi.

Rubutawa fa? A watan Afrilu na 2015, bayan harin da ya katse shirye-shiryen TV5Monde, an yi hira da wani ma'aikacinta a talabijin, sai ga takardun kalmomin sirri manne a bayansa, duniya na kallo. In dai dole ne a rubuta, takardar ta zauna a aljihu tare da katin shaida, ba tare da sunan ma'aikata a jikinta ba.

Amma inda muka fi jin tsoro ba nan ba ne. Mu mutane ne masu kunya da kara. Abokin aiki, wataƙila ma ya girme mu, zai ce: "Ƙanena, tawa ta rufe, ara mini taka in gama wannan takarda." Baki ya yi nauyi, a bayar. To kwamfuta ba ta san fuska ba, suna ta sani. Duk kuɗin da aka fitar, duk takardar da aka goge, da sunan mai kalmar za a rubuta, da rana da sa'a. Ranar da masu bincike suka zo, "na ara masa ne" ba ta wanke mutum, ita kanta laifi ce ta biyu, kuma abincin gida guda ne ke kan siraɗi. Amsar da ba ta ɓata zumunci ita ce a tashi tsaye a ce: "Yaya, doka ta ɗaure ni, amma mu je tare a buɗe maka taka." Mai tafiya hutu kuma ya nemi a ba mai riƙon aikinsa izini da sunansa na kansa.

Ofisoshi da yawa sun ƙara mataki na biyu, wato lambar da ke zuwa a wayar salula. Kada a raina ta. A watan Mayu na 2021, kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu maras wannan mataki ta isa aka tsayar da bututun mai na Colonial a Amurka, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Lambar nan ba a karanta wa kowa ita a waya, ko ya ce daga sashen kwamfuta yake, domin ma'aikacin gaskiya ba ya bukatarta. Tunda kuwa wayar ta zama rabin makullin ofis, sai iyaye su sake tunani kafin su miƙa wa yara ita da dare, kuma kalmar aiki ta bambanta da ta Facebook. In za a tashi salla ko cin abinci, a danna maɓallin Windows tare da L, allon ya kulle kafin a sa takalmi.