Yaro ya balaga, wanka ya zama faɗa

"Kai, wai yaushe rabonka da wanka?" Ana jin wannan tambaya a gidaje da yawa da zarar yaro ya kai shekara 13 ko 14, kuma amsar ba ta cika sauyawa ba: "Umma, na yi fa jiya." Uwa ta san da sake, don hancinta ya riga ya ba ta labari tun yaron yana zaure. Ta ɗaga murya, shi kuma ya kumbura baki ya fice. Gobe a maimaita. Yawancinmu ƙiwa da taurin kai muke kiran abin, kuma wani lokaci hakan ne. Amma kafin a yanke wa yaro hukunci, ya kamata a san abin da ya same shi a jiki, domin galibi shi kansa babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa.

Maɓuɓɓugan gumi iri biyu ne a fatar mutum. Na farko suna ko'ina a jiki, sun kai miliyan biyu zuwa huɗu, kuma tun ana ƙanana suke aiki. Ruwa da ɗan gishiri suke fitarwa don sanyaya jiki, shi ya sa yaro ɗan shekara shida zai wuni yana guje-guje ya dawo da ƙura kawai. Na biyun sun taru ne a hammata da matsematsi, a kwance suke har sai balaga ta tashe su, wadda kan soma tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga 'ya mace, 9 zuwa 14 ga namiji. Guminsu ya fi kauri, yana ɗauke da maiƙo, kuma a lokacin da yake fitowa ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cinye shi su saki tsamin. A 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun gano sinadarin da wata ƙwaya mai suna Staphylococcus hominis ke amfani da shi wajen mayar da wannan gumi ya zama wari mai kama da na albasa. Ke nan wankan shaf-shaf da ya ishi yaro bara ba zai ishe shi bana ba.

Sannan shi ba ya jin warin. Hanci kan daina kula da ƙamshi ko warin da ya daɗe tare da shi, kamar yadda majemi ba ya jin warin jima. Idan yaro ya rantse cewa ba ya wari, to iya abin da hancinsa ya gaya masa ke nan.

Akwai kuma rigar ƙwallo, wadda samarinmu suka mayar kayan gida, kayan fita, har kayan barci. A 2014 wasu masana a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun gwada rigunan mutanen da suka motsa jiki, suka ga cewa washegari na yadin roba sun fi na auduga ɗoyi, saboda wasu ƙwayoyin sun fi yaɗuwa a cikin roba. Yaro zai iya yin wanka fes, ya mayar da rigar Arsenal ɗin da ya buga ƙwallo da ita jiya, kafin Azahar aiki ya koma baya.

Tsarin gidajenmu ma yana da hannu, kuma a nan ne nake ganin laifin ya fi karkata wajen manya. A daidai lokacin da jikin yaro ya fi bukatar ido, a lokacin muke fitar da shi daga cikin gida zuwa shago ko ɗakin samari na bakin zaure. Uwa ba ta leƙawa, uba ba ya shiga. Can za a tarar da katifa ba zanin gado, safa a cikin kambas, singileti uku a ƙusa ɗaya, taga a rufe. Ga kunya kuma. Uban da ba ya iya faɗin sunan ɗansa na fari, ina zai iya yi masa maganar gashin hammata da na mara? Sai a bar wa malamin Islamiyya. Malam kuwa ya yi nasa, ya karantar da farillan wanka da sunnoninsa daga Ahalari da Ishmawi, wataƙila ya ambaci cewa ba a barin wannan gashi ya wuce kwana arba'in. Amma inda za a cuɗa da soso, da yawan sauya gajeren wando, wannan karatun gida ne, kuma gidaje da yawa sun tsallake shi.

Ga kuma ƙwaƙwalwar yaron: ɓangarenta na gaba, mai tsara aiki da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Barcin matashi ma yana ja baya da dare, waya kuma ta ƙara masa. Ya tashi a makare, banɗaki ɗaya ne ga mutum goma, lokacin hunturu ne, ruwan jarkar ɗan garuwa ya kwana a waje ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Ya wanke fuska da ƙafa, ya fesa turare, ya ruga makaranta. Turare a kan tsohon gumi kuwa, duk wanda ya taɓa shiga Keke Napep da rana ya san sakamakonsa.

Gori a gaban jama'a ba ya gyara komai. Ranar da aka ce masa "ƙazami" a gaban ƙannensa, su sun samu suna, shi kuma ya samu dalilin ƙin wanka, domin yanzu in ya ɗauki bokiti kamar ya miƙa wuya ne. A kira shi gefe, a yi maganar a taƙaice kuma a fili: jikinka ya girma, haka na kowa ya yi, ga abin da manya ke yi. Idan nauyin baki ya hana iyaye, al'adarmu ta tanadi masu wannan aiki. Kawu yana nan, gwaggo tana nan, uwa-uba kaka, wadda za ta iya cewa "Ni dai na fasa auren nan, maigidan nawa yana tsami," a yi dariya, saƙo kuma ya shiga ba tare da ciwo ba.

Bayan magana sai kayan aiki. Soso da tawul nasa shi kaɗai, singileti na auduga da za su isa a sauya kullum, rolon ko alimun da zai shafa bayan hammata ta bushe. A ba shi kuɗi ya zaɓo sabulun da kansa, domin matashi ya fi riƙe abin da ya zaɓa. Idan safiya ce ke kawo rigima, a mayar da wankan bayan ƙwallo, kafin Magariba, a ɗora masa tukunyar ruwan zafi in ana sanyi. Ba dole sai an ci nasara a kan komai rana ɗaya ba. Wanka da goge baki su fara zama, gyaran ɗaki ya biyo baya.

Matsalar 'ya mace ta fi ɓuya. Yarinyar da ta fara al'ada a gidan da audugar mata ta yi tsada za ta koma ga tsumma. Tsumma mai tsafta ba aibu ba ne in ana wanke shi da sabulu ana shanya shi a rana, amma kunya kan sa ta cusa shi da danshinsa a ƙarƙashin katifa don kada yayyenta maza su gani. Daga nan wari da ƙaiƙayi ke farawa. Haka kitson da ya yi wata biyu a ƙarƙashin hijabi, ana jiƙa shi ba ya bushewa. Uwa ta nuna mata inda za ta shanya kayanta ba a gani, ta kuma ajiye audugar a inda yarinyar za ta ɗauka ba sai ta buɗe baki ta roƙa ba.

Akwai dai ƙazantar da ba ta balaga ba ce. Yaron da a da ɗan ƙwalisa ne, sai kwatsam ya daina wanka, ya daina fita wajen abokai, abinci ya ragu ko barci ya rikice, makaranta ta fita ransa, kuma abin ya wuce mako biyu, wannan kam, sabulu ba zai yi masa magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma sakaci da jiki yana cikin alamun ciwon damuwa. Shaye-shaye ma haka yake shigowa. Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma turamol da sauran ƙwayoyi ba su bar unguwanni ba. Wani yaron kuma tsokana ce ta ishe shi a makaranta. Wata yarinyar wani ne ya taɓa ta, take gudun tuɓe kaya ko da ita kaɗai ce a banɗaki. Irin waɗannan tambaya a hankali suke bukata, "Me ke damunka?", sannan a yi shiru a jira amsa ko da ba ranar za ta zo ba. Idan ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ba a jira gobe. A fara da likitan asibitin da ke kusa, shi zai tura gaba in da bukata, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato suna duba masu damuwa da masu shaye-shaye, ba sai wanda ya fita tsirara ba. A tafi da bayanin lokacin da sauyin ya fara, da yadda yake barci da cin abinci, a kuma bar likita ya gana da yaron shi kaɗai na ɗan lokaci.