Dajin da Ke Tsiro Cikin Ruwan Gishiri

'Yan'uwana mata, in kun sayi busasshen kifin teku ko jatan lande a kasuwa, kun taɓa tambayar inda suka yi ƙuruciyarsu? To, da yawansu cikin wani irin daji suka girma, can bakin teku a jihohin Ribas, Bayelsa, Delta, Akwa Ibom da Kuros Riba. Turawa suna kiran itatuwan dajin mangurof. Kada a ruɗe, ba su haɗa komai da mangwaro ba.

Abin mamaki ga itatuwan nan shi ne cikin taɓo da ruwan gishiri suke tsira, inda gero ko dawa ba za su kai labari ba. Jan mangurof, wanda ya fi yawa, saiwoyinsa daga jikin gindi suke fitowa su lanƙwasa su shiga laka, sai ka ce mutum a kan ƙafar kara. Irinsa tun yana rataye jikin uwa yake tsirowa, sa'an nan ya faɗo ya cake cikin taɓo, ko ruwa ya kai shi gaba. Akwai wani kuma da ke turo saiwoyi sama kamar fensir don shan iska, yana fid da gishiri ta ganyensa. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: a duniya akwai wajen iri 70, amma a gaɓar tekunmu ba su wuce iri shida ba, ko da yake dajin namu ya fi na kowace ƙasa a Afirka girma.

Cikin saiwoyin nan ƙananan kifi da ƙaguwa suke ɓuya. In ruwa ya janye, matan wurin sukan shiga taɓo har gwiwa suna tsintar 'yan katantanwa, su ci su sayar. Da itacen ma suke ƙyafe kifi.

Amma fa akwai baƙon da ya zo ya fi ƙarfin masu gida. A shekarar 1906 aka kawo wata irin kwakwa mai suna nifa daga Singafo, aka dasa ta a Kalaba don hana ruwa cin gaɓa. 'Ya'yanta suna yawo bisa ruwa, duk inda aka sare mangurof sai ta riga shi kama wuri. Can ƙasashen Asiya ana tatsar zaƙinta a yi sukari, a yi jinka da ganyenta. Nan kuwa masunta kuka suke yi da ita, gama ba ta ba da itacen wuta, kuma kifi da katantanwa ba sa yawa a gindinta.

Ga kuma masifar man fetur. A 2008 mai ya malala a Bodo ta ƙasar Ogoni, ya kashe daji mai yawa. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Matan Ogoni dai ba su naɗe hannu ba. Wata baiwar Allah, Martha Agbani, ta tara mata suna tsintar irin mangurof, su raine shi cikin 'yan ledoji har ya yi ganye, sa'an nan su bi sawun ruwa in ya janye su dasa shi ɗaya bayan ɗaya.